Tarihin Rayuwata: Isabella, Uwargidan Tsibiri (Kashi na Uku)

Masu bin mu, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda aka kawo wa Isabella labarin rasuwar mijinta a garin Amiens na ƙasar Faransa, a 1260. Ga wanda yau ya fara tarar da mu: wannan baiwar Allah ta rayu a Ingila daga 1237 zuwa 1293, kuma ita ce ta ƙarshe a gidansu da ta riƙe Tsibirin Wight kafin ya koma hannun sarki. Baki ni na ara mata, na zaunar da ita a shekararta ta ƙarshe tana yi wa magatakardanta shifta. Mutanen da za ku ji, da wuraren, da shekarun, duk na tarihi ne. Ga ta nan.

Gyara alƙalaminka, magatakarda, ka matso bakin taga inda haske yake. Jiya ka yi ta ƙorafin hannunka ya gaji. Yau ba zan tausaya maka ba, don abin da zan faɗa na kusa shekara ashirin ina kewaye shi kamar mai kewaye rijiya da dare.

Ranar da aka ce mini mijina William ya rasu ban cika shekara 23 ba. Ban wuce sha biyu ba aka kai ni gidansa, bayan matarsa ta fari ta rasu, kuma na haifa masa shida, huɗu maza, biyu mata. 'Yata Aveline tana hannu a lokacin, shekararta ɗaya da 'yan watanni. Kada ka rubuta wai na yi ta birgima a ƙasa. Na yi kuka daidai gwargwado, amma tun hawayen ba su bushe ba ma'aikatan sarki suka iso da takardunsu, domin a ƙasar nan idan babban hakimi ya mutu ya bar magaji ƙarami, ƙasarsa hannun sarki take komawa har yaron ya kai shekara 21.

Ni doka ta ba ni sulusi, in ci har ƙarshen raina: kashi ɗaya cikin uku na Holderness, fadamar nan ta bakin kogin Humber inda tumaki suka fi mutane yawa, da rabin ƙasar Cockermouth can arewa, haɗe da fadarta. Aka bar mini yarana biyu, Thomas da William, a hannuna. Sauran ƙasar kuwa, da ikon zaɓa wa magaji mata, Sarki Henry ya miƙa wa babban ɗansa Edward. Ka riƙe sunan nan, za ka gaji da rubuta shi.

Riƙon maraya a Ingila haja ce, ana saye ana sayarwa kamar buhun ulu. Wanda ya saya zai tatsi ƙasar iya ƙarfinsa kafin yaron ya girma, ya sare itatuwa, ya bar rumbuna su zube. Da Inna ta ga haka sai ta taso, ita da ta san zawarci tun 1245 da mahaifina ya rasu. Muka haɗa kuɗi muka sayi riƙon sauran kashi biyun na Holderness, muka tare gida ɗaya a Burstwick, uwa da 'ya, da jikokinta suna guje-guje a tsakar gida. A zatona iyakar rabona ke nan a duniya: in raini Thomas, in miƙa masa ƙasar ubansa, in koma gefe.

Shekara biyu kacal, sai ga wani ɗan aike daga Faransa. Ɗan'uwana Baldwin, hakimin Devon, ya rasu a can a 1262, ɗansa ɗaya kuma ya riga shi tafiya tun yana jariri. Ina da shekara 25 duk abin da gidan Redvers ya tara ya faɗo kaina: Plympton da Tiverton a Devon, Christchurch da Lymington a Hampshire, da wannan tsibiri da muke zaune a kai, ban da kason da Inna da matar Baldwin suke ci. A watan Agustan 1263 aka damƙa mini. Daga ranar na sa ake buɗe takarduna da sarautar Aumale ta mijina, da ta Devon ta mahaifina, sannan a rufe da wadda na fi so: Uwargidan Tsibiri.

Kai haifaffen nan ne, ba ka san yadda baƙo yake ganinsa ba. Tsibirin bai fi mil 23 a tsawo ba, faɗinsa kamar mil 13, kogin Medina ya kusa raba shi biyu. Mai doki mai kyau zai karya kumallo a wannan bakin ya ci abincin dare a wancan. Amma tun da Sarki Henry na Farko ya bai wa Richard de Redvers shi, mai tsibirin nan ba hakimi ba ne kamar sauran. Manyan da ke nan ni suke yi wa mubaya'a, kotu tawa ce, jirgin da teku ta farfasa ta watso kayansa gaɓa ina da haƙƙi a kai. Ga shi kuma ya tokare bakin Southampton da Portsmouth, duk jirgin da zai shiga can da kaya daga Gascony ta gabanmu zai wuce. Ƙaramin wuri ne, amma ƙofa ce, kuma ba sarkin da yake son mabuɗin ƙofarsa a hannun wani, balle a hannun mace.

To, a nan ne maza suka gano ina da kyau.

Kada ka yi dariya, rubuta. Ka san doka: ranar da mace ta yi aure, ƙasarta mijin ne zai juya ta, shi zai karɓi kuɗin, shi zai tsaya a kotu, hatiminta ya zama abin ado. Duk wanda ya same ni ya sami Devon da tsibiri ba tare da ya zare takobi ba. Gaskiya ne babbar takardar nan da aka tilasta wa Sarki John ya sa wa hatimi a 1215 ta ce ba a yi wa matar mamaci auren dole muddin ta zaɓi zama ba miji, sai dai ta yi alkawarin ba za ta yi aure ba da izinin sarki ba. Na san wannan layin kamar sunana, ina da kundin dokokin ƙasa nawa na kaina a cikin akwati. Sai dai takarda tana aiki ne idan akwai sarki a kan gado da alƙali a kan kujera. A 1264 babu ko ɗaya.

A ranar 14 ga Mayu na shekarar, Simon de Montfort da hakiman da ke bayansa suka ci sarki da yaƙi a Lewes, suka kama shi, Edward ma ya shiga hannu. Ba zan ɓoye maka ba, da farko zuciyata tana wajen hakiman. Sarki Henry mutum ne mai hannu sake, dangin matarsa da 'yan'uwansa na Faransa sun cinye ƙasar, kowa ya gaji. Inna kuwa ta sarki ce har ɓargo. A teburin cin abinci a Burstwick muka fara musu a kan wannan, tun ana yi da wasa har ta kai kowa tana aika wa 'yar'uwarta saƙo ta bakin bara, alhali bango ɗaya ne tsakaninmu.

Ba a jima ba na gane masu gyaran ƙasa su ma suna da ciki. Simon ƙarami, ɗan shi babban, ya sa aka rubuta masa ikon aurena da sunan sarkin da ke tsare a hannun ubansa. Wato an sayar da ni ina zaune a gidana, ba wanda ya tambaye ni ko ina da ra'ayi. Kuma yaron ba da kayan toshi ya taho ba, da dawakai da makamai ya taho.

Na gudu Breamore. Gidan 'yan zuhudu ne ƙarami a bakin kogin Avon, kakannina suka kafa shi, gonakin da suke ci namu ne muka ba su. Na ce a raina idan akwai rufin da zai ɓoye ni a duk Hampshire, wannan ne. Shugaban gidan ya tarbe ni da murmushi da addu'a, ya ba ni ɗaki mai ƙaramar taga da ke kallon ruwa. Tsohuwar da ke yi mini hidima ce ta fara shinshino abin. Ta shigo da ƙwaryar ruwa, ta rufe ƙofa da ƙafarta, ta ce, "Ranki ya daɗe, mutumin nan idonsa bai kwanta mini ba. Addu'arsa ta yi yawa, kuma ba ya kallon fuskarki." Ashe kuwa ya riga ya kai labarina. Mutumin Simon ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ka san abin da na yi? Ban zage shi ba, ban tuna masa da kakannina ba. Wanda ya sayar da kai sau ɗaya yana da farashi, abin da ya rage ka san nawa ne. Na biya shi ya kawar da kai, na fice. Tun daga ranar na daina raina kuɗi, kuma duk wanda ya ce maka Uwargida ta cika son lissafi, ka ce masa a Breamore ta koya. Aka yi ta bi na daga wannan wuri zuwa wancan har sai da na tsallaka Wales, inda hannun gidan Montfort bai kai ba sosai. Abin mamaki, har yau idan aka tambaye ni inda nake so a binne ni, Breamore nake cewa. Shugaba ɗaya ne ya ci amanata, ba ƙasar wurin ba.

Sauran ka sani. Kwaɗayin 'ya'yan Simon yana cikin abin da ya kore masa abokai, har da ɗan kawuna Gilbert de Clare, wanda ya yi yaƙi a gefensa a Lewes sannan ya juya masa baya. Edward ya kuɓuce, ya afka wa Simon ƙarami a Kenilworth yana sake da baki, sannan a ranar 4 ga Agustan 1265 aka kashe uban a Evesham. Manemin nawa ya ƙare a gudun hijira, ya mutu a Italiya a 1271 da jinin kisan kai a wuyansa, kisan da shi da ɗan'uwansa suka yi a cikin coci. Wuce wannan da sauri, bai cancanci tawada ba.

Na dawo, amma ban dawo wa Inna ba. Maganar sarki da hakimai ta mutu, maganar kuɗin Holderness ta tashi: wa ta zuba nawa, wa ta kwashi nawa a shekarun da ƙasa ta rikice. Muka kai ƙarar juna gaban sarki, daga can aka tura mu kotun baitulmali. Ka taɓa ganin uwa da 'ya kowa da lauyanta? Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma su ba sa ɗaukar lauya. Ni na fi ta taurin kai, ita ta fi ni riƙo, kuma duk abin da nake da shi na hali a wurinta na sha. Shekaru muka yi a haka.

A cikin shekarun nan ne kuma na yi ta binne 'ya'yana. Kada ka tambaye ni ɗaya bayan ɗaya. Rubuta kawai cewa kafin bazarar 1269 Thomas, magajin ubansa, ya bi sauran, kuma cikin shida Aveline kaɗai ta rage.

Ajiye alƙalamin ka sha ruwa. Yanzu muka zo wurin.

A watan Nuwamban 1268 Sarki Henry ya ba ɗansa na biyu, Edmund, ikon aurena. Wannan yaro tun yana ƙarami Paparoma ya yi masa tayin sarautar Sisili, ubansa ya ɗauko bashin da ya fi ƙarfinsa a kan wannan mafarki, bashin da yana cikin abin da ya tayar da hakimai tun farko, kuma yaron bai taɓa taka Sisili ba. Bayan yaƙi aka lafta masa ƙasar Simon ta Leicester, aka ƙara masa Lancaster. Tsibirin can ya kuɓuce, sai aka waiwayo aka ga akwai wani a kusa, mai arha, a hannun bazawara 'yar shekara 31. Ya girme wa Aveline da shekara 14, ni kuma na girme shi da kusan takwas.

Wannan karon ba inda zan gudu. Simon ɗan tawaye ne, ana iya jira ƙasa ta juya. Edmund ɗan sarki ne, kuma sarkin yana kan gadonsa daram. Na ce a'a, kuma doka tana bayana. Amma a fada ba a cewa a'a a tashi hannu wofi, sai ka ajiye wani abu a madadin. Da Thomas ya rasu, Aveline ta zama magajiyar ubanta gaba ɗaya, Holderness da Skipton da Cockermouth, kuma ita ce za ta gaje ni, Devon da tsibiri. Wanda ya aure ta ya sami fiye da wanda ya aure ni, haƙuri kawai zai yi in mutu. Sarauniya Eleanor, uwar yaron, mace ce mai lissafi, ba ta buƙaci a yi mata bayani sau biyu ba.

Na gaya wa kaina abubuwa da yawa a lokacin. Na ce ai ko na ƙi, aurar da magajiya ikon sarki ne, ba nawa ba. Na ce ina yarinya za ta sami miji da ya wuce ɗan sarki? Na ce ni ma kusan a shekarunta aka kai ni, ga ni ban mutu ba. Duk gaskiya ne. Amma ka rubuta wannan ma, kada ka gyara mini shi: an zo neman wuyana ne, na sunkuya, igiyar ta faɗa a kan 'yata.

A watan Afrilun 1269 aka ɗaura auren a babban cocin Westminster, wanda Sarki Henry ya fi shekara ashirin yana sake ginawa. Ba a ma gama ba, sai a watan Oktoba aka keɓe shi, ƙurar dutse tana nan a kan ginshiƙai. Sarki da sarauniya da manyan ƙasa duk sun hallara. Aveline shekararta goma. Abin da nake tunawa ba waƙar limamai ba ce, ba kuma zinariya ba. Rigar ce. Ta yi mata nauyi, tana tafiya tana tattaro ta da hannu biyu kada ta taka, kamar yarinyar da ta saci kayan uwarta ta sa. Da aka zo wurin zobe sai ta waiwayo tana nema na a cikin taro. Na gyaɗa mata kai. Iyakar abin da na yi mata ke nan a ranar.

Daga nan na tattaro na dawo Carisbrooke, na mai da shi gida. Mutane suna cewa Uwargida ta shiga gini don ta nuna arziki. Bari su faɗa. Na tarar da wurin sansanin mayaƙa ne, sanyi da hayaƙi da warin dawakai. Na gina ɗakin sujada na Waliyyi Bitrus a jikin babban zaure, na yi sabon madafi, na yi wa kaina wannan ɗakin, na sa aka huda ganuwa aka yi tagar nan da wurin zama, aka sa gilashi, abin da ko a gidajen manya ba kowa ke da shi ba. Mai ginin ya yi ta jan ƙafa, wai huda ganuwa rage mata ƙarfi ne. Na ce masa ganuwar nan ba ta taɓa faɗuwa don rami ba. A 1136 kakan kakana Baldwin ya fake a nan yana faɗa da Sarki Stephen, ba a fasa masa ko dutse ɗaya ba, ruwan rijiya ne ya ƙafe, dole ya miƙa wuya. Tun ina yarinya ake ba mu labarin nan, kuma abin da na ɗauka a ciki shi ne fada daga ciki take mutuwa. Rijiyata ni kuɗin shiga ne, shi nake leƙawa kullum.

Kai ma ka sha zama a zauren nan ƙarshen watan Satumba, lokacin idin Mala'ika Mika'ilu, da wakilan gonaki suke zuwa ba da lissafi. Kowa da sandar ƙirgarsa a ɗamara, itacen da aka yi wa tsaga-tsaga gwargwadon kuɗin da ya kawo, aka tsaga shi biyu, rabi a wurinsa, rabi a wurinmu. A haɗa su, idan tsagar ba ta hau ba, wani ya yi ƙarya. Masu bincike suna zaune da naɗaɗɗun fatun rubutu, suna tambaya: alkama mudu nawa aka shuka, nawa aka girba? Tumaki nawa suka mutu, ina fatunsu? Wanda ya ce kerkeci ko cuta, sai ya kawo fata. Na ga ƙato mai gemu yana rawar jiki a kan cuku guda uku. Ulun dubban tumakina na arewa kuwa 'yan kasuwar Italiya ne suke saye, mutanen Riccardi na birnin Lucca, su ne kuma suke juya mini kuɗi daga wannan gari zuwa wancan. A shekarun 1260 abin da ke shigo mini a shekara ya kai fam 1,500. Daga baya ya haura zuwa 2,500. Maza nawa ne a Ingila, masu gemu da sulke, suka taɓa ganin haka?

Sarki Henry ya rasu a 1272, Edward yana can hanyar dawowa daga yaƙin Ƙasa Mai Tsarki, sai a Agustan 1274 ya iso aka naɗa shi. A Istan shekarar ni da Inna muka sasanta a takarda. An daidaita lissafi, an sa hatimi, amma ba mu ƙara kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Daga baya, da ta tashi kafa gidan zuhudu a Buckland can Devon, daga Quarr ta ɗebi sufayen farko, gidan da kakan kakana ya kafa a tsibirin nan a 1132. Ban san ko saƙo take aiko mini ba. Na dai tabbatar mata da kyautar, ita ma ba ta ce komai ba, har ta rasu.

Na ɗauka 1274 shekarar sauƙi ce. A ranar 10 ga Nuwamba Aveline ta rasu a Stockwell, kusa da Landan, tana da shekara 15, ba ta bar ɗa ba. A Westminster aka binne ta, 'yan taku kaɗan daga inda ta tsaya tana tattare riga.

Kada ka dube ni haka. Ci gaba.

Duk lissafin da aka yi a kan yarinyar nan ya rushe a dare ɗaya. Edmund bai sami komai ba, ya je ya auri wata. Ni na rasa wadda zan bar wa tsibiri, magajin da ya rage mini wani ɗan'uwa ne na nesa daga gidan Courtenay. Edward kuwa, da yake ba ya barin abu ya faɗi ƙasa, ya fara da gadon mijina. Sai ga wani mutum, John de Eston, ya fito yana cewa shi ne magajin Aveline ta wajen wata kaka da ba kowa ya san da ita ba. Aka karɓi maganarsa cikin sauri mai ban mamaki, shi kuma ya juya ya sallama wa sarki komai, aka ba shi ƙasa mai kawo fam 100 a shekara ya je ya huta. Sarautar Aumale sukutum, a kan fam ɗari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan har gardin ma ɗan abin da aka jefa masa ya samu. Sulusina kaɗai ya rage mini a gadon mijina, shi ma ranar da na rufe ido ya tafi.

Sannan ya juyo kudu. A 1276 aka kawo mini tayi: in sayar wa sarki gadon gidanmu a kan mark 20,000. Mark ɗaya kashi biyu cikin uku ne na fam, ka ga abin ya tashi fam 13,000 da 'yan kai, bai cika abin da nake samu a shekara tara ba ko a lissafin farko. Hujjarsu a fili take: ba ɗa, ba jika, wa kike tara wa? Aka rubuta takardu, aka yi ta kai da komo. Ban ce a'a da ƙarfi ba, Edward ba ubansa ba ne, ba a yi masa tsawa. Na dai yi ta samun abin da bai yi daidai ba a wannan layi, da abin da ke buƙatar a sake dubawa a wancan, har maganar ta yi sanyi ta kwanta. Da na sayar a ranar, da me zan ce na saya da Aveline? Shekara 17 ke nan yana jira. Bana ma da jiragen mutanenmu suka gwabza da na Normandi a teku, na san idonsa ya sake dawowa kan tagar nan.

A shekarar 1276 ɗin ne kuma na yi abin da har yau ake zagina a kai. Gidanmu yana da gadon kujerar ma'aji a baitulmalin sarki, na ɗauke ta na ba wani malamin lissafi mai suna Adam de Stratton, na kuma sakar masa ragamar kuɗina. Kai ka san shi, ka san kuma yadda ya ƙare. Amma haske ya tafi, ga shi kana ta matse ido. Rufe tawadar. Ka gaya wa wakili ya fara shirin dawakai da jirgi, ina so in ziyarci Canterbury kafin sanyi ya kankama. A hanyar dawowa mu yada zango a Stockwell, na daɗe ban kwana a can ba.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ji yadda Adam de Stratton ya cire hatimi daga takardar sufayen Quarr, da abin da ya biyo baya tsakanin Uwargida da maƙwabtanta.